Hattara da babur ɗin lantarki mai inji biyu

Ya Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen masu sayen babur ɗin lantarki na tsaye mai inji biyu, ɗaya a kowace taya. Da yawansu kowane inji wat 1000 ne, batirin kuma bolt 60, suna wuce kilomita 60 a awa a kan taya mai inci 10 ko 11 kacal.

A tashi da inji ɗaya. Wanda ya murza wuta da inji biyu a kan rairayi, nauyinsa zai koma baya, tayar gaba ta yi ta juyi tana zamewa. A sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a ɗan durƙusa, a ja jiki baya kafin a matse birki, domin idan gudu ya ninka, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi.

Rawar kan babur a tsakiyar gudu yawanci daga sakin notin wuya ne ko ƙarancin iskar taya, a duba su kowane mako. Bayan doguwar tafiya cikin zafin rana, a bar batiri ya huce kafin caji. Hular kwano kuwa, lallai mai rufe haɓa.

Naka,
Wani makanike daga Kano