Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Malaman Lissafi da Kimiyya ta Shiyyarmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, shugabannin makarantu da suka amsa gayyatarmu, 'yan uwa malamai maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Kafin komai, muna miƙa ta'aziyya ga iyalan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar. Allah Ya jiƙansu, Ya sa abin da suka koyar ya zame musu sadaka mai gudana. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi bayan wannan rahoto.

A taron bara mun tsai da shawara guda, kuma kusan duk abin da zan faɗa yau a kanta yake. Mun ce kowane mamba ya zaɓi darasi ɗaya daga cikin manhaja a kowane zango, ya koyar da shi ta hanyar wani aiki da ɗalibai za su yi da hannunsu. Mun kuma gindaya sharaɗi: dole aikin ya ƙunshi awo, dole ɗalibi ya rubuta abin da ya auna, ya yi lissafi a kansa. Duk wanda ya halarci baje kolin shekarun baya ya san dalilin sharaɗin. Tebur cike da gidajen kwali da motocin gwangwani masu fitila, gwanin sha'awa, amma ka tambayi yaro tsawon ɗakin da ya gina da kuma sikelin da ya bi, sai ya kalli malaminsa. Wasu ma a wajen kafinta iyaye suka biya aka ƙera. Bana ba mu karɓi irin wannan ba, ko da wasu sun ji haushi.

Mun buɗe shekara da taron bita na yini ɗaya. Waɗanda suka jagorance shi mambobinmu ne da suka taɓa samun horon shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda gwamnatin tarayya ta fara tare da hukumar JICA ta Japan a 2006 a jihohin Kaduna, Neja da Filato, kafin ya bazu sauran jihohi. Abin da suka fi nanatawa shi ne malami ya nemi kayan gwaji a kewayensa. Nan take aka dafa zoɓo ba sukari, aka zuba a kofuna: aka ɗiga ruwan lemon tsami ya ƙara ja, aka ɗiga jiƙon kanwa da ruwan toka ya rikiɗe ya koma kore-kore. Makarantun da ba su da takardar gwajin asid sun yi darasinsu da wannan, kuma ya wadatar. Mun hana amfani da sodar haɗa sabulu a aji, domin tana ƙuna.

A zangon farko, malaman ƙaramar sakandare da dama sun fita da yara awon tsayin bishiya ta hanyar inuwa. Sanda mai tsawon mita 1 in ta ba da inuwar santimita 80, bishiya kuma ta ba da inuwar mita 12 a daidai wannan lokaci, to tsayinta mita 15 ne. Wani malami ya haɗa kai da malamin addini na makarantarsu suka koyar da ɓangarorin lamba ta hanyar rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa da 'ya: mata tana da ɗaya bisa takwas, uwa ɗaya bisa shida. Yara suka gano da kansu cewa sai an kasa dukiyar 24 kafin rabon biyu ya fita, mata 3, uwa 4, saura 17. Sai ga 17 ta ƙi rabuwa gida uku, biyu na ɗa ɗaya na 'ya, dole aka ninka komai sau uku ya zama 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Abin da malaman fara'ili ke kira asalin mas'ala, shi ne ƙaramar lambar da 8 da 6 duka ke rabawa ba saura, wadda muke shan wahalar cusa wa yara a allo. Inda aji ya haɗa Musulmi da Kirista, wasu sun yi irin wannan da rabon ribar jarin haɗaka.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalin kwamitinmu shi ne na wata makarantar 'yan mata, a zango na biyu. Sun ɗauko dabarar tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Malamar ta kasa ajin rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya sa tumatir da alayyahu a tukunyarsa, ya bar irinsu a faranti a waje, yana auna zafin ciki da na waje da safe, da azahar, da kuma kafin tashi.

Cikin mako guda rigima ta tashi. Rukunin da suka ajiye tasu a ƙarƙashin darbejiya suna samun tazara mai yawa tsakanin ciki da waje, waɗanda suka kulle tasu a sito don gudun ɓarnar awaki kuwa tazararsu 'yar kaɗan ce. Har an fara zargin wasu da ƙirƙirar lambobi. Malamar ba ta raba gardama ba, ta ce su musanya wuri su sake awo. Da lambobi suka juya, sai tambaya ta koma: me iska ke yi wa tukunya? Daga nan darasin ya shiga da ƙafarsa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana zama tururi, kuma ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi daga jikinta. In babu iskar da za ta ɗauke tururin, aiki ya tsaya. Wata ɗaliba ce ta ce ai shi ya sa kakarta ba ta yarda a sa randa a lungu. Da damina ta kankama suka sake gwajin, tazarar ta ragu sosai, domin iskar ta riga ta ƙoshi da laima. Mun ga littattafansu da idonmu, har da kwanakin da aka manta ba a jiƙa yashi ba, an rubuta hakan a gefen jadawali. A ganina wannan rubutun gefe ya fi sauran daraja.

A zango na uku makarantu da yawa sun yi aikin alƙibla. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Saudiyya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogonmu 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A wannan minti, inuwar duk sandar da ta tsaya cak tana kwance ne a layin alƙibla, daga kan inuwar ka dubi gindin sandar ka fuskanci Makka. Da yake 27 ga Mayu ranar yara ce, babu karatu, sai muka yi a ranar 28. Wahalar tana wajen tsai da sandar, sai da yara suka rataya dutse a zare suka daidaita ta. Bayan an ja layi a ƙasa, aka auna kusurwarsa daga arewa, mafi yawansu suka samu kusa da digiri 68, wanda shi ne lissafin Kano da kewaye. Mamakin yara shi ne alƙibla ta karkata daga gabas zuwa arewa da wajen digiri 22, alhali kullum "gabas" muke cewa. Manyan ajujuwa sun gwada abin da suka samu da lissafin layukan taswira. A Yuli hadari ya rufe rana a wurare da yawa. Tun kafin ranar mun gargaɗi mambobi abu biyu: kada yaro ya kalli rana kai tsaye, kada kuma a tura yara su je gyara wa liman sahu. Wannan magana ce ta malamai da dattawan unguwa.

Ma'aunin ruwan sama na gorar roba bai ba mu abin da muka so ba. Lissafinsa mai daɗi ne: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka rufin aji mai mita 10 da mita 8 in aka yi ruwan milimita 25 ya zubar da lita 2,000, jarka 80 mai cin lita 25. Amma ruwan da ya fi yawa a Agusta yake sauka, lokacin muna dogon hutu, sai jadawalin ya yanke a tsakiya.

Sai matsaloli, waɗanda mambobi suka kawo a tarukan zango. A aji mai cunkoso, yara biyu ko uku ne ke yin aikin rukuni, saura suna kallo. Waɗanda suka fi cin nasara a kan wannan su ne suka ce awo na rukuni ne, amma jadawali da lissafi kowa ya kawo nasa, kuma a kansa za a ba da makin gwajin cikin zango. Darasin minti 40 ba ya isa a fita a auna a dawo. Muna roƙon shugabannin makarantu su haɗa mana darasi biyu a jere ko sau ɗaya a mako. Akwai shugaban da ya hana fita fili saboda hayaniya, mun aika masa wakilai, magana ba ta ƙare ba. Wasu iyaye sun koka kan cewa ana aiko yara neman kuɗin kayan aiki, kuma suna da gaskiya. Daga yanzu duk aikin da sai uba ya sa hannu a aljihu, ƙungiya ba ta amince da shi ba.

Ƙorafin da ya fi yawa daga cikinmu ya fito: manhaja tana da tsawo, ga jarrabawa na tafe, "wannan zai fito a WAEC?" Amsar kwamiti ita ce a duba takardar gwajin aiki ta WAEC da NECO a fiziks da kemistiri. Abin da ake nema a wajen ɗalibi shi ne ya auna, ya cika jadawali, ya zana layi a takardar giraf, ya fitar da gangarensa. Yarinyar da ta yi makonni tana karanta ma'aunin zafi a bakin tukunya ba za ta fara koyon wannan a ɗakin jarrabawa ba. Duk da haka ba mu ce a mai da kowane darasi aiki ba. Ɗaya a zango muka ce, kuma a nan muka tsaya.

Shekara mai zuwa za mu maimaita ayyukan nan a makarantun da ba su yi ba, mu ƙara awon gonar makaranta da lissafin tazarar shuka. Don ma'aunin ruwa, kowace makaranta ta ba mu sunayen ɗaliban da ke zaune kusa, waɗanda za su riƙa karantawa a lokacin hutu tare da maigadi. Duk mai zuwa taron farkon zango ya taho da littattafan ɗalibai uku, na gwani da na tsaka-tsaki da na mai rauni, domin a kansu za mu tattauna. Waɗanda kuma har yanzu ma'aunan zafi da tef ɗin awo na akwatin aro ke hannunsu, sun san kansu, a miƙa wa ma'aji kafin a tashi.

Sakataren Ƙungiya