Lambun tsakar gida ga masu cutar MS: zafi ya tsaya mana a gaba

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari.

Mu biyu ne muka rubuto daga Kano, malamin gona da ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi na asibiti. Muna tsara ɗan lambu a tsakar gida ga masu cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai ƙafa ta yi nauyi, hannu ya yi sanyi, gajiya ta sauko ba sallama.

Tsugunno da sunkuyo muka fara kawarwa. Shuka tana hawa teburin ƙarfe mai sararin santimita 70 a ƙarƙashi, don gwiwar wanda ke kan kujera ko keken guragu ta shige. Faɗinsa kada ya wuce santimita 60, iyakar miƙa hannu ke nan. Zurfin ƙasa santimita 20 ya ishi alayyahu, latas da lawashi. Tumatir da attaruhu sai bokitin lita 20 mai huda a gindi, a ɗora shi kan bulo. Bokiti guda da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kusan kilo 30, shi ya sa muka bar katako, ga kuma gara. Hanya santimita 90 ce aƙalla, tiyo a rataye a bango, gansakuka a kankare ta, domin su biyun ke kayar da mutum.

Ban ruwa da garwa ba ya yiwuwa, lita 10 kilo 10 ce. Muna huda murfin gorar lita 1.5 sau biyu da allura, mu naɗe shi da ƙyalle don laka kan toshe hudar, mu kifa ta gindin shuka. A babban mazubi kuwa ƙaramin tulu ake binnewa zuwa wuya, a rufe bakinsa saboda sauro. Ɓawon gyaɗa a saman ƙasa yana riƙe danshi. Ƙotar kayan aiki muna naɗe ta da robar tayar keke har ta kai kaurin santimita 4. Kayan aikin ƙarfe kuma ba a barinsu a rana, don hannun da ba ya ji sosai yakan ƙone mai shi bai sani ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Zafi ne abin da ya fi ƙarfinmu. Jijiyar da rigarta ta lalace takan daina kai saƙo idan zafin jiki ya ƙaru ko da rabin digiri, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura digiri 40. Mun mayar da aiki bayan asuba zuwa ƙarfe 8, minti 15 aiki, minti 10 hutu a inuwa, da jiƙaƙƙen tawul a wuya da ruwan randa a kusa. Duk da haka wasu ganinsu yakan dushe, ƙafa ta ƙi ɗauka.

Likita, mun san raunin da zafi ke jawowa yakan wuce idan jiki ya huce, tashin cutar kuwa yakan zarce awa 24. To a gari irin namu da dare ma ba ya sanyi, ga rashin wuta, ga zazzaɓin cizon sauro da shi ma ke tayar da alamomin, yaya iyali za su bambance? Awa nawa za su jira kafin su nufi asibiti?

Sai maganar taki. Wasu suna kan magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki. Muna amfani da kashin shanu da ya ruɓe sarai, da safar hannu, amma safar tana ƙara rage jin yatsu. Shin su bar taɓa takin gaba ɗaya, wani ya haɗa musu? Ana kuma ba su shawarar samun bitamin D, wanda rana ke bayarwa, alhali mu inuwa muke kai su. Hantsin safe zai wadatar, ko sai an gwada jini an ba da ƙwaya?

Muna sauraron amsa a shirin mako mai zuwa. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Malamin gona da ma'aikaciyar gashi, Kano