Yawan baƙi kaɗai ba ya nuna tallafin yawon buɗe ido ya yi amfani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda gwamnatoci ke auna tallafin da suke zubawa a harkar yawon buɗe ido. Galibi ƙirga baƙin da suka shigo ake yi, in sun ƙaru a ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da ya kamata a gano shi ne mutum nawa ne tallafin ya jawo, waɗanda ba don shi ba da ba su zo ba.

Sai an yi kwatance. A ɗauki wurin da ya samu tallafi da wani mai kama da shi wanda bai samu ba, a tattara yawan kwanakin da baƙi suka yi a otal-otal da kuɗin da suka kashe, wata-wata, na aƙalla shekaru 3 kafin shirin, a ci gaba bayan ya fara. Ratar da ta buɗe tsakanin wuraren biyu ita ce aikin tallafin. Ƙaruwar da ta shafe su duka kuwa, lokacin hutu ko canjin darajar kuɗi ne ya kawo ta. Japan ta samu irin wannan damar a 2020: shirinta na Go To Travel, mai bai wa matafiya rangwame a tafiye-tafiyen cikin gida, ya fara a Yuli ban da Tokyo, sai a Oktoba aka sa ta ciki.

Ga inda lissafi ke ɓaci. Idan ɗakuna sun yi ƙaranci, masu otal kan ɗaga farashi su haɗiye rangwamen, don haka a riƙa bibiyar cikakken kuɗin ɗaki, wato farashinsa ba tare da rangwamen ba. Wasu matafiyan kuma matso da tafiyarsu kawai suke yi, shi ya sa dole a duba watanni 12 bayan rufe shiri, a cire gibin da ya biyo baya. Akwai kuma garin da ke janye baƙin maƙwabcinsa, ƙasa ba ta ƙaru da komai ba.

Daga nan a raba jimillar kuɗin tallafi da ƙarin kwanakin na gaskiya. A ce an tallafa wa kwana 100, amma 30 ne kaɗai sababbi. Kowane sabon kwana ya ci fiye da ninki uku na tallafin da ke rubuce a kan kwana ɗaya.

Batun gogayya da sauran wurare kuwa, ma'auninsa kason baƙin yanki da wurin ya riƙe bayan rangwame ya ƙare, da yawan masu dawowa. Ina roƙon 'yan majalisa kada su amince da kasafin irin wannan shiri sai an fara tattara alƙaluman tun kafin a saki kuɗi.

Naka,
Wani mai nazarin tattalin arzikin yawon buɗe ido