Rahoton ayyukan kungiya na bana

Assalamu alaikum iyayenmu, dattawa da sauran 'yan uwa mambobi. Ga rahoton shekara, dan Allah a karanta har karshe kafin a fara kirana ana tambayar ina aka kwana.

Mitin na wata-wata an yi su, in banda na tsakiyar damina da ruwa ya hana.

Babban abin alfaharinmu bana shi ne ranar sauraron ra'ayin jama'a a hukumar tsara birane, kan maganar izinin da aka ba wani kamfani na cike fadama a yanka filaye. Wallahi wanda bai zo ba ya yi asara. Dakin taron ya cika har waje, iyayenmu mata su suka riga kowa zuwa, wasu da goyo. Wakilin kamfanin ya tashi da taswirarsa yace ai wurin sai shekara 100 ake ambaliya sau daya, saboda haka ba abin damuwa. Nan dan uwanmu injiniya ya mike ya warware masa lissafin a gaban kowa, yace ma'anar wannan magana ita ce duk shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, ruwan zai iya zuwa bana ya sake dawowa badi, kuma wanda zai zauna a gida shekara 30 yiwuwar ta same shi ta kai kashi 26 cikin 100, wato ta haura daya bisa hudu. Ya kara da cewa ruwan sama milimita 50 in ya sauka a kan hekta daya lita 500,000 ne, yanzu fadama ke rike shi kasa na sha a hankali, in aka cike aka dabe da siminti aka kafa rufin kwano ina zai tafi? Gidajenmu na gangare zai nufo, da gudu kuma. Sai ga wata daga cikin iyayenmu ta daga hotunan shatin da ruwa ya bari a bangon dakinta, tace su duba da idonsu. Ba wanda ya iya ce mata komai. Karshe hukuma ta dakatar da cikon har sai kamfani ya kawo rahoton tasirin aikin ga muhalli da tsarin magudanan ruwa. Allah ya saka wa duk wanda ya fito da alheri, musamman matasan da suka bi gida-gida karbar sa hannu.

Amma a lura dakatarwa aka yi, ba a soke izinin ba.

Yanzu abubuwan da ba a gama ba, don naji ana ta maganganu a guruf cewa kwamiti ya yi barci. Taswirar hanyar ruwa da muka yi alkawari ba a yi ba, dalili kuwa mai awon filaye ba kyauta yake aiki ba, kayan awon ma haya ake yi, kuma asusu babu abin da zai biya shi. Maganar lauya ma haka, ya yarda zai duba mana amma yana bukatar kwafin takardar izinin da aka ba kamfanin, mun rubuta wa hukuma mun sake rubutawa har yau shiru, to da me zai shiga kotu? Yashe kwalabati kuma rabi muka yi, ranar aikin gayyan mutanen da suka fito ba su isa ba, wadanda suka zo din ma su ne dai kullum.

Kudin wata kuwa na gaji da magana. Mafi yawan mambobi basu biya ba, wasu tun bara ake binsu, ka kira mutum yace gobe, ka je gida ace baya nan alhali ga mashin dinsa a kofar gida. Ni da ma'aji ba albashi ake biyanmu ba, muma muna da iyali da sana'a. Kuma wadanda basa biya din su ne farkon masu kira da daddare in ruwa ya shigo musu tsakar gida. Abin da ya fi bata min rai ma shi ne a cikinmu akwai masu zuba shara a lambatu, akwai wanda ya ja katangarsa har kan magudana, ta yaya zamu je gaban hukuma muce a bi dokar barin tazara tsakanin gini da hanyar ruwa alhali mu bamu bi ba? Wakilin kamfanin ya riga ya jefo mana wannan maganar a wajen taro, kuma zai sake.

Wanda ake bi ya kai wa ma'aji kafin mitin mai zuwa, ko rabi ne, don mu fara biyan mai awo kafin damina. Duk wanda ya ga tifa na sauke kasa a fadama, ko da dare ne, ya dauki hoto ya turo min nan take da rana da lokaci.

Sakataren kungiya