Godiya ga shagon kifin ado da ya hana ni sayen abin da na je saya

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa zuwa ga mai ƙaramin shagon kifin adon nan ne na Yamai, da yaron da ke tsare masa shagon. Na yi musu godiya baki da baki, amma ba ta ishe ni ba, shi ya sa na kawo ta fili. Ban kama suna ba don ban nemi izininsu ba, sai dai masu kiwon kifin teku a garin nan ba mu da yawa, na san za a gane wurin.

Na yi shekaru ina aiki a Jidda, a can na fara ganin murjani da ransa a gaɓar Bahar Maliya, kuma tun daga ranar abin ya shiga raina. Da na dawo gida sai na haɗa tankin gilashi mai cin lita 400 a falona a Yantala. Wanda bai gwada ba, ba zai san wahalar ba. Tsakaninmu da teku a Kwatano akwai kilomita wajen 1,000. Gishirin sai an yi odarsa, ruwan famfo sai an tace shi tas kafin a zuba masa gram 35 na gishiri a kowace lita, zafin ruwan kuma ana so ya tsaya wajen digiri 25 ko 26, a garin da Afrilu ke haura 40. Ga ɗauke wuta a kai. Duk na jure, na sayi na'urar sanyaya ruwa da batura. Abin da ya kusa sa ni tattara komai na sayar, hannun mutane ne.

Kifin da na fi so shi ne ras, wanda masu Faransanci ke kira labre. Dangi ne babba, irinsu ya haura 600, daga mai tsawon ɗan yatsa har zuwa Napoleon mai kai mita 2. Mutumin da na fara saya a hannunsa ta WhatsApp muka yi ciniki, cinikin biri a sama. Ya turo hoton wani ɗan kifi ja mai fararen tabo a gadon baya, ya ce, "Alhaji, wannan ba ya taɓa komai." Ashe jaririn Coris gaimard ne, mai girma har ya doshi santimita 40. Da ya tasa sai ya shiga kife mini ƙananan duwatsun da murjani ke kai yana neman abinci a ƙarƙashinsu, ya cinye jatanlande biyu, dodannin koɗin da ke share mini gansakuka suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar na samu wanda ya karɓe shi.

Bayan haka mutumin ya haɗa mini wasu biyu a rana ɗaya, ɗan mitsitsin nan mai layi shida da wani mai walƙiya na dangin Paracheilinus. Kwana tara mai layi shida yana korar ɗan uwansa daga wannan lungu zuwa wancan, ya hana shi ci, ya hana shi sakat. Ranar ta goma da asuba autata ta tsinci mai walƙiyan a bayan kabad, ya yi tsalle ya faɗo cikin dare, ya bushe kamar ganye, tururuwa sun kewaye shi. Yarinyar ta yi kuka har ta ƙi karin kumallo. Na kira mutumin sau uku, bai ɗauka ba, har yau.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya. Da wannan zuciyar na shiga shagonku, kuɗi a aljihu, na ce a yi mini odar ras mai share jikin sauran kifaye, Labroides dimidiatus. Na karanta cewa a 2019 masu bincike a Osaka ta Japan sun ba da rahoton yana gane kansa a madubi, abin ya burge ni ƙwarai.

Yaron bai ce mini farashi ba. Ya jawo kujera, ya ɗauko wani littafi da ruwa ya jiƙa gefensa, ya ce, "Baba Alhaji, zauna mu yi magana tukuna." Lita nawa tankin ke ci? Wata nawa da haɗa shi? Yashin ƙasa mai laushi ne ko tsakuwa, kuma kaurinsa nawa? Akwai murfi? Su wa ke ciki yanzu? Wa ke ba su abinci in na fita? Duk amsar da na bayar sai ya rubuta. Da ya gama ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan kifin ba zan kawo maka ba. A teku ƙwarin jikin manyan kifaye yake ci, su zo su yi masa layi kamar wurin wanzami. Naka kifayen huɗu ne. Ko yunwa ta rame da shi, ko ya dame su da tsattsaga har su ƙosa."

Na yi shiru ina kallonsa. Ban taɓa shiga shago da kuɗina an ce mini a'a don amfanina ba.

Daga nan ya buɗe mini abin da na shekara biyu ina lalube a cikin duhu. Ya ce a ce kifi ba ya cin murjani daban, a ce zai bar jatanlande da dodon koɗi daban, a ce zai zauna lafiya da ɗan uwansa ma daban, kuma sai an tambayi ukun duka. Masu walƙiya da ƴan Cirrhilabrus ƙananan halittun da ke yawo a tsakiyar ruwa suke ci, ba ruwansu da murjani, da dare kuma su shige ramin dutse su lulluɓe kansu da yauƙi. Ƴan Halichoeres, irin ruwan ɗorawan nan chrysus, cikin yashi suke kwana, don haka sai yashi mai laushi, kauri aƙalla santimita 5, in ba haka ba su kurje baki. Ba sa taɓa murjani, suna ma tsince masa ƙwari, amma babba na iya haɗiye ƙaramin jatanlande, kuma ya faɗa mini wannan kafin na saya. Ya ƙara da cewa galibinsu mata suke fara rayuwa, daga baya wadda ta fi ƙarfi ta rikiɗe namiji, ikon Allah. Shi ya sa in ka zuba biyu iri ɗaya a ƙaramin tanki kana iya wayar gari da maza biyu masu neman ran juna.

Mai layi shidan kuwa ya ce muddin yana ciki, duk wani mai sanyin hali da zan saka zai bi sawun na bayan kabad. Shi da kansa ya zo gidana a kan babur ranar Lahadi da tarko, ya kama shi, ya kai shi wani tanki nasu inda zai zauna shi kaɗai. Ya auna bakin tankina, ya ɗinka masa murfin raga mai ƙananan idanu, ya ce ras ba ya zama a buɗaɗɗen tanki, ko ba a kore shi ba ƙarar ƙofa ta isa ta sa ya yi sama.

Odar kifayen da muka zaɓa a madadin mai share jikin ta iso ta jirgi yadda aka ce, farashi bai canja ba. Sun riƙe kifayen a wurinsu mako huɗu suna lura da lafiyarsu da cinsu. Mai walƙiya muka fara sakawa saboda ya fi kowa tsoro, aka bar shi kwana uku cikin ɗan akwati mai huda a cikin tankin don ƴan gida su saba da ganinsa.

Ruwan ɗorawan ne ya tayar mini da hankali. Ina sakinsa ya nutse cikin yashi, kwana biyu ko inuwarsa ban gani ba. Na kira yaron bayan sallar isha'i, ya ɗauka a bugu na biyu. Ya ce, "Baba, don Allah kada ka tona. Gajiya da tsoro ne, zai fito da kansa." Rana ta huɗu da hantsi sai ga kansa ya ɓullo, yashi na zubowa daga goshinsa, ya duba hagu da dama, ya fita kiwo. Autata ce ta fara gani, ihunta har maƙwabta.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan ya yi ƙaranci a kasuwanninmu. Je ka sayi batirin sola, ko maganin kaji, ko irin shuka, mai kaya ba zai tambaye ka me za ka yi da shi ba. Duk abin da ka nuna shi ne "mai kyau", in ya lalace kuma kai ne ba ka iya ba. Kafin ka biya kai ne Alhaji, bayan ka biya lambarka ma ba a sani ba. In kayan ƙarfe ne asarar ta tsaya a aljihu, amma kifin nan rai ne da aka ɗebo daga tekun Indonesiya ko Filifin, ya sha doguwar tafiya cikin leda, ya zo ya mutu a bayan kabad saboda wani ya ƙi buɗe baki ya faɗi gaskiya ta minti biyar. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Maigida, ka riƙe yaron nan da kyau, ka ƙara masa albashi in da hali. Kai kuma ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya saka wa iyayen da suka yi tarbiyyarka da alheri. Mai walƙiyan yanzu kullum dab da magariba, in fitilar tanki ta fara dushewa, sai ya baje fikafikansa ya sheƙa daga wannan gefe zuwa wancan, mu kuma mu jeru a tabarma muna kallo. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo ɗaukar kifi na ukun da ke wurinku, kuma na ƙaro yashin da ka ce.

Naku,
wani mai kiwon kifin teku a Yantala, Yamai