Masu maganin gargajiya su duba tsofaffin kwalaben Turai

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin masu sayar da maganin gargajiya a Kumasi, musamman namu na Aboabo da Asawase, kan kwalaben gilashi da kantunan magani na Turai suka yi amfani da su a ƙarni na 19, waɗanda yau masu tara kayan tarihi ke saye don ƙawata ɗaki.

Masu ƙera su aiki suka duba kafin ado. Murfin ma na gilashi ne, ana goge shi har ya zauna daram a bakin kwalbar, ta yadda iska da danshi ba za su samu hanya ba. Maganin da haske ke lalatawa a kwalba mai ruwan ƙasa ake zuba shi, ta guba kuwa akan yi wa jikinta tsaga-tsaga, domin ko cikin duhu mutum ya laluba, hannunsa ya gane ta. Kowace kuma tana ɗauke da sunan abin da ke ciki da harshen Latin.

Yawancin abin da ke cikinsu mun san shi: filasko na wankin ciki, ƙaro, citta, da man kanumfari na ciwon haƙori. Baƙon cikinsu shi ne sassaƙen itacen sinkona na Kudancin Amurka, wanda aka fitar da kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga jikinsa a Faransa a 1820.

A kewayen kasuwar Kejetia kuwa, za ka tarar da tsimi a tsohuwar gorar ruwa ta roba, an jera a rana tun hantsi, babu suna, babu ranar haɗawa. Na basir da na shawara launinsu ɗaya, mai kayan kaɗai ya san bambancinsu, idan kuma ya tafi masallaci yaronsa ne zai yi canke. Garin saiwa a leda shi ma, da damina ta kankama sai fumfuna.

Ghana ta daɗe da karɓar wannan sana'a: akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong Akuapem tun 1975, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke nan Kumasi kuma tana ba da digiri a fannin. Saboda haka ina roƙon sarakunan Zango su tara masu magani, a haɗa kuɗi a sayo kwalabe masu duhu a sari, kowa ya riƙa rubuta sunan magani, ranar haɗawa da yadda ake sha, da boko ko da ajami.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi