Kwanciyar da ta dawo mini da barci

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso, na karanta shi sau biyu, kuma inda kika ce kina kwanciya a gajiye ki tashi a gajiye, nan ne ya tsaya mini a rai. Na san wannan halin. Na yi watanni a cikinsa: jiki ya yi lis, amma da kai ya taɓa matashi sai tunani ya ɓarke, kafaɗu a ɗaure, haƙora a cije. Shi ya sa ban jira ranar haɗuwarmu ba.

Wata kwanciya ce na koya daga cikin yoga, motsa jikin nan da ya samo asali a Indiya. Sunanta Supta Baddha Konasana a harshen Sanskrit: supta shi ne kwance, baddha ɗaurarre, kona kuwa kusurwa. Kada sunan ya firgita ki. Rigingine ce, a haɗa tafin ƙafa biyu, a bar gwiwoyi su buɗe hagu da dama. Ni abin da na ɗauka a cikinta hutun jiki ne da numfashi, shi ke nan.

Ga yadda nake yi. Nakan naɗe bargo mai kauri ya zama dogon matashi, in shimfiɗa shi a kan tabarma, in zauna a gabansa ƙuguna na taɓa bakinsa. Sai in haɗa tafin ƙafafuna, in jingina a hankali har gadon bayana ya kwanta a kansa. Tawul a ninke a ƙarƙashin kai, yadda goshi zai ɗan fi haɓa tudu. Hannuwa a gefe, tafi na kallon sama. Ki rufa da mayafi tun farko, don jiki in ya natsu yakan yi sanyi.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki. Ki sa matashi a ƙarƙashin kowace cinya. Ranar farko ban sa ba, na bar gwiwoyina suna reto, ina ganin ai zafin miƙewar nan shi ne alamar abin yana aiki. Kwana biyu na yi cikin cinyoyina na ciwo. Ashe in gaɓa tana rataye, naman wurin ba zai taɓa saki ba, riƙewa zai yi ta yi don ya kare ta. Sai ya ji abu a ƙarƙashinsa ya tallafe shi sannan zai yarda ya saki. To in kika ji wani wuri na ja, ki ƙara matashi, ko ki tura ƙafafun gaba su yi nesa da jikinki. Wannan dabara ta tokare jiki da bargo da matashi, malamin da ya shahara da ita shi ne B.K.S. Iyengar, wanda ya koyar a birnin Pune, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Da ƙuruciyarsa mai yawan laulayi ne, ya sha zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da taifot. Da na ji haka sai na ƙara amincewa da abin, don wanda ya san jinya ba zai raina mai rauni ba.

In kin daidaita, saura numfashi. Ki shaƙa kina ƙirga huɗu, ki fitar kina ƙirga shida, ba tare da tilas ba. Akwai dalili: zuciya takan ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, ta rage lokacin fitarwa. Wata doguwar jijiya da ake kira vagus, da ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, ita ke taka mata burki. In kika tsawaita fitar da numfashi, ita kike ba dama.

Ba zan ɓoye miki ba, mintunan farko sun fi wuya. Duk aikin da kika bari zai zo ya tsaya miki a kai. Ki ƙyale shi, ki koma ƙirga. Ni sai wajen minti na bakwai nake jin muƙamuƙina ya saki, kafaɗuna sun sauka, cikina ya yi laushi. Wata rana hawaye ne suka zubo mini haka kawai. Ki fara da minti 5. Ni yanzu nakan kai 15.

Wajen tashi kada ki zabura. Ki sa hannu ki haɗo gwiwoyin, ki mirgina gefe ɗaya, ki ɗan dakata, sannan ki dafa ƙasa ki zauna. In kina da tsohon ciwon gwiwa ko na ƙugu, ki fara tambayar likita. Mai tsohon ciki kuma ba a son ta daɗe a rigingine, sai an ɗaga bayan sosai kamar mai kishingiɗa. Idan rashin barcin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, don Allah ki je a duba ki.

Ki gwada mako guda kafin barci, wayarki a wani ɗaki, ki rubuto mini wane wuri ne ya fara saki a jikinki. Ki gaishe mini da yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki